Makon Hutun Mwanahawa

Shekara ashirin da shida ina tuƙa tasi a Unguja,
ina raba wa baƙi bakin teku
kamar mai rabon naman suna:
kai ga naka, ke ga naki,
ku masu yara ga inda ba zurfi.
Ban taɓa kuskure ba. Haka dai suke faɗa
in sun miƙo kuɗi, hancinsu ja wur kamar gauta.

Sai ranar Laraba Mwanahawa ta dawo daga asibiti,
ta tuɓe farar riga, ta rataye a ƙusa,
ta ce, "Machano, sun ba ni mako guda.
Jariran garin nan su faɗo a hannun wata.
Kai da ka san teku kamar yunwar cikinka,
ina za ka kai ni?"

Bakina ya mutu.
Wanzami ne aka miƙa wa aska, aka ce ga ƙeyarka.

Na ce, Nungwi.
Can ruwa ba ya gudun mutum,
rana tana faɗuwa a bayan jiragen katako
kamar garwashi a cikin kwano.
Ta ce, "Kiɗa fa?"
Na ce, har asuba.
Ta ce, "Kunnena ya ƙoshi da kuka, ba na son ƙari."

Na ce, to Paje.
Rairayi fari fat, ya fi garin shinkafa laushi,
samari na tashi sama da lema, iska na jan su.
Ta ce, "In ɗaya ya karye, ni za a kira."

Jambiani fa? Da hantsi teku kan kwashe kayansa
ya yi nisa, kamar wanda ake bi bashi,
mata su bi sawunsa suna ɗaure ciyawar ruwa a turaku.
Ta yi dariya. "In zauna a inuwa
ina kallon sa'o'ina sun duƙa?
Zan ɗaura zane in shiga. Ka san hali."

Matemwe, Kizimkazi, na yi ta jerowa,
yatsun hannu suka ƙare,
shayi ya huce, kanumfari ya kwanta a gindin kofi.
Ita kuwa tana murza diddigenta da man kwakwa,
ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Can ta ce, "Akwai wani wuri bayan Fumba.
Ba shi da suna, ko kuwa na manta.
Babana yakan ɗinke taru a can, ni ina riƙe masa zare.
Duwatsu ne masu cizon ƙafa,
rairayin bai fi tabarma uku ba."

Na ce, ba na kai kowa can.
Ta ce, "Shi ya sa."

Muka tafi da Asabar. Hanya ta cinye mini taya ɗaya.
Muka tarar da wani tsohon kwale-kwale a kife,
akuya biyu, silifa wari guda,
da ƙaguwa mai tafiya a karkace kamar ni in na sha kunya.
Ruwan ba shuɗi ba ne irin na hotunan da ke motata.
Ruwa ne kawai.

Ta naɗe zane zuwa gwiwa, ta shiga.
Ƙafafun da suka tsaya a kan haihuwa dubu
suka nutse a laka, ta lumshe ido.
Ba ta nemi hoto ba.
Ta ce, "Kashe wayar nan."

Wayar tana ta ruri a aljihu:
wani baƙo ne a filin jirgi, yana tambaya
wanne ne ya fi kyau duk tsibirin.
Na duba matata, ruwa ya kai mata ƙwauri,
na ce masa, Nungwi, yallaɓai. Nungwi.