Kunne Nake Nema In Saya

Daren da aka kwashe min tumaki bakwai
ko tari ban ji ba.
Da asuba na tarar da turke da igiya
da sawun takalmin roba a kan laka.
Balaraba na tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce:
"Gidan da babu haushi, ɓarawo ma baƙo ne."

Shekara ashirin da uku na yi a masaƙar Kakuri,
injina suka cinye min kunne ɗaya da rabi.
Kuɗin sallama na zuba a wannan fili
bayan Rigachikun, inda katanga ta ƙare a kafaɗa.
Yanzu kunne nake nema in saya.

Na farko a Mando na gan shi,
wajen Agali, Buzu mai gadin gidan bulo:
karen Azbin, ja kamar tukunyar da ta sha wuta,
ƙafafu kamar karan dawa,
haƙarƙari a fili, ko yaro ya ƙirga.
Na ce, "Yunwa ce?"
Agali ya yi dariya ta cikin rawani:
"Mai gudu ba ya ɗaukar kaya."
Karen bai kaɗa min wutsiya ba.
Ya dube ni duban mai awo,
ya mai da kansa arewa.

Na biyu a Sabon Tasha, gidan Shekari.
Kakanninsa makiyaya ne a duwatsun ƙanƙara,
haka takardarsa ta ce.
Kare da takarda!
Ni tawa ta haihuwa gara ta cinye tun tuni.
Kai kamar turmi, gashi kamar buhun auduga ya fashe,
ya yi haushi sau ɗaya, kwanon rufi ya amsa.
Shekari ya ce, "Mudu biyu a yini, da ƙashi,
in bazara ta kama a jiƙa shi, a kunna masa fanka."
Na tuna mu da mafici a tsakar gida
muna jiran wutar da ba ta san hanyarmu ba.

Jikata Tasalla ta riga ta zaɓa:
mai gashi, don ta yi masa kitso.
Malam Inuwa ya ce na tsaron dabba ya halatta,
a ba shi kwanonsa, ya tsaya can wajen garke.
Balaraba ta ce ko wanne,
muddin ba daga tukunyarta za a rage ba.

Kwana tara ina juyi.
Siririn zai haura katangata kamar dokin ƙofa,
in ya hango zomo sai bakin kogi.
Ƙaton kuwa ɓarawo ya gan shi ya tuba,
amma shi da kansa zai cinye tumakin
ta hanyar aljihuna.

Ran Laraba na koma Mando, ba da niyya ba.
Muna shan shayi, kofi na biyu,
sai karen ya miƙe, kunnuwa suka tsaya.
Na duba hanya: babu kowa.
Agali ya ɗaga yatsa, "Jira."
Sai da na kurɓa sau uku
kafin babur ya ɓullo ta kwana.

Na ce, "Nawa?"
Ya ce, "Ba a sayar da irinsa, kunya ce a wurinmu.
Ka kawo 'yar tunkiya in ka samu."
Tunkiya ɗaya ɓarayi suka bar min, gurguwa,
tana da ciki.

Yau wata biyu.
Tasalla ta daina fushi, ta sa masa suna Tsinke.
Yana kwana kan tulin bulo, fuska ga daji,
har yanzu bai kaɗa min wutsiya ba.
Amma jiya da tsakar dare
na ji haushi, da rabin kunnen nan nawa,
na fito da tocila:
gurguwa ce ta haihu, biyu,
shi kuma yana tsaye nesa kaɗan,
kamar wanda ya zo karɓar bashin ubangidansa.