Maki Dubu Tamanin da Huɗu

Shekara goma sha ɗaya ina tara su
kamar yadda Inna ke jefa kwabo a asusun ƙasa.
Kano zuwa Legas, Legas zuwa Kano,
wani sa'in har ƙasar Sin in sayo yadi,
in dawo Kantin Kwari ƙafa a kumbure.
Kowace tafiya a zuba mini maki a kati.
Dubu tamanin da huɗu. Na haddace su
fiye da lambar wayar ƙanena.

Kamfanin Shamuwa ne nawa.
Kujera ta huɗu, gefen taga,
inda nake hango Dala ta koma tsibin gero,
kwanukan Fagge suna ƙyalli a rana.
Sallau mai awon kaya ya san ni.
In jakata ta ɗara da kilo biyu
sai ya dubi rufi, ya ce, "Alhaji Tanimu, wuce."

Ran Talata saƙo ya faɗo waya
ina tsaka da auna wa wata mata shadda.
Wai Shamuwa da Gauraka sun zama ɗaya.
Wai albishir ne.
Ban ba da goro ba.

Na rufe shago tun kafin la'asar,
na hau adaidaita zuwa ofishinsu na Bompai.
Har an shafe tsuntsun da ke bango,
fentin ko bushewa bai yi ba.
Yarinya a bayan gilashi, Mardiyya sunanta,
ta latsa, ta ƙara latsawa, ta ce,
"Baba, kowane uku na da, ɗaya ne yanzu.
Dubu ashirin da takwas gare ka.
Katin zinaren kuma ya koma na azurfa."

Na ce, 'yata, nisan ne ya ragu?
An matso da Legas bayan Wudil ne ban ji ba?
Daren da na kwana kan benci ina jiran jirginku,
shi ma kun raba shi uku?
Ta yi murmushin da aka koya mata.
Ba laifinta ba ne. Ita ma, in ji ta,
ba ta san ko kujerarta za ta ga sabon wata ba.

Abin da ban faɗa mata ba:
dubu casa'in ne kujerar Jidda.
Saura shida. Tafiya uku, ko huɗu.
Na riga na ce wa Yaya Uwani
ta ɗinka farin mayafi,
bana da azumi za ta ga Ka'aba.
Ita ta sayar da tumakinta ta ba ni jari
lokacin da ko rumfa ba ni da ita.

Ashe adashi nake zubawa,
uwar adashin ta tashi daga unguwa,
wadda ta gaje ta ta ce littafin ya jiƙe.
Ni ɗan kasuwa ne, na san lissafin:
in shago biyu suna layi ɗaya
mai saye ake lallashi.
Yanzu shago ɗaya ne a sama.
In ka yi fushi, ga tashar mota can.

Makon jiya na je filin jirgi.
Babu Sallau. Na'ura ce a gurbinsa,
ba ta san gaisuwa ba, amma ta san kilo biyu.
A ƙofar ɗakin hutawa,
inda nakan sha shayi in yi salla a natse,
mai gadi ya juya katina gaba da baya,
ya miƙo mini da hannu biyu.
Layi na ashirin da shida aka ba ni, a tsakiya.
Ban ga Dala ba.

Da na dawo na biya ta Mandawari.
Yaya ta fito da mayafin,
har ta gama kalmasa bakinsa da zaren hannu.
Na ce ya yi kyau.

Da dare na jawo littafin shago,
ina lissafa bandir nawa na shadda
ke kai mutum Jidda.