Teburin Aro a Kutaisi

Ƙarfe tara za a kira ni daga ofis,
ofishin da ban taɓa taka ƙofarsa ba.
Ɗakin da na kama a bakin kogin Rioni
intanet ɗinsa ya mutu tun asuba.
Mai gidan, Tsiala, ta ɗaga kafaɗa,
ta miƙo mini shayi a madadin uzuri.

Na rataya jaka, na bi gari.
Gidan gahawa na farko, kiɗa kamar ana biki.
Na biyu, soket ɗaya tal,
wani saurayi ya kwanta a kansa kamar kaza kan ƙwai.
Laburare kuwa, takarda a ƙofa
da baƙaƙe masu kama da ƙugiyoyi.
Ban iya karantawa ba, amma kwaɗo ya fassara mini.

Caji saura kashi goma sha ɗaya.
Aka fara yayyafi a kan farar gada.

Na fake a ƙofar wani mai gyaran agogo,
Guram, gilashi ɗaya manne a ido.
Ba ya jin nawa, ba na jin nasa.
Na ɗaga caja kamar mai nuna macijin da ya kashe.
Ya dube ni, ya dubi bango,
ya zare filogin rediyonsa
ana tsakiyar labarai.

Ya ture ƙananan kusoshi da gefen hannu,
ya ba ni wuri, faɗin tafi biyu.
Lambar sirri tana bayan kalanda,
jikarsa ce ta rubuta da jan biro.

Agogo talatin a bango,
babu biyun da suka yarda da juna.
Na sami ɗaya da ya yi daidai da lokacin ofishinmu,
ashe shi ne wanda ya fi lalacewa.

Aka kira. Fuskoki shida, kowa a akwatinsa.
Shugabata ta ce, "Mene ne ke ƙas-ƙas a bayanka?"
Na ce, "Lokaci ne, ana gyaransa."
Ni kaɗai na yi dariya.

Muna kan lissafin wata uku
sai tsuntsun katako ya leƙo,
ya yi kuka sau goma sha biyu
alhali goma ba ta cika ba.
Guram ya daka masa tsawa da harshensu,
tsuntsu ya koma ɗaki.

Da na rufe kwamfuta na zaro kuɗi,
ya ture hannuna yadda ya ture kusoshi.
Ya yaga burodi mai cuku, tururi na tashi,
rabi nasa, rabi nawa.
Sannan ya kama wuyan hannuna,
ya kwance agogon da na gada,
wanda ya tsaya tun ina Istanbul,
ya kara shi a kunne, ya girgiza kai,
ya ɗaga yatsu uku. Kwana uku ke nan.

Tikitina na jirgin ƙasa na gobe ne.
Na tsaya bakin ƙofa ina lissafi.
Shi kuwa ya mai da filogin rediyo,
ya goge gefen teburin nan da hannun riga,
bai mai da kusoshin wurin ba.