Ranar da Aka Cire Bango

Asabar kafintoci suka shigo ofishinmu na Adum,
Litinin muka tarar babu bango.
Tebur goma sha huɗu a fili ɗaya,
kamar 'yan tumatir a Kejetia.

Yanzu na san Adwoa na tauna biro in lissafi ya ƙi,
na san mai bin Mamudu bashi ke kira, ba uwarsa ba.
Su ma sun ƙirga hammata.

Manaja ya ce zumunci zai ƙaru,
sannan ya shige ɗakin gilashi.
Muna ganin bakinsa, ba ma jin komai.

Inda nake shimfiɗa darduma
an ajiye fulawar roba.

Hira ta koma matattakala.
Can, kusa da bokitin mai shara,
muke gaisawa da gaske.