Ɗiyar Mai Kifi

A Busan, bayan kasuwar kifi,
Dasom ta koyi rawa gaban gilashin shagon wanki.
Injuna na juyi, su ne gangunanta.
Uwarta na kankare kifi, tana taya ta ƙirge.

Tana sha uku jirgin ƙasa ya kai ta Seoul.
Ɗaki ba taga. Sikeli duk Litinin.
Farce ya fita, ta naɗe yatsan,
ta koma layi.
Shekara biyar ana "saura kaɗan."

Yau dubbai ke rera sunanta cikin duhu,
fuskarta ta cika gefen bas.

Da bas ta tsaya bakin kasuwa,
uwar ta goge ƙarnin hannunta a riga
kafin ta shafi kumatun takarda.
Ta ce, "Yarinyar nan ba ta cin abinci."