Kwana Goma Sha Ɗaya a Valparaíso

Matakala ɗari da sittin da biyu
daga bakin teku zuwa ƙofata.
Da, a ta saba'in nake tsayawa in kunna ɗaya.
Yau ma na tsaya. Hannu ya faɗa aljihu da kansa
kamar akuyar da ta san hanyar gida,
ya tarar da gyaɗa uku da tsohon tikitin bas.

A garin nan ƙasa na girgiza, kowa ya saba.
Kofi ya yi rawa a tebur, Eulalia ta dafe shi,
ko hirarta ba ta katse ba.
Tawa girgizar ba mai jin ta sai ni.
Ba ta sallama. A layin burodi ko tsakar dare
ƙirji ya ɗaure, tafin hannu ya jiƙe,
zuciya ta hau daka, turmin kuwa wayam,
wani abu ya raɗa mini: yau kam tafiya ce.

Shekara ashirin da uku sigari ke ba shi amsa.
Na ɗauke shi amini.
Ashe mai ba da rance ne:
ya miƙo natsuwar minti biyar,
kafin la'asar ya dawo karɓar ta da ruwa.

Likita Quiroga ta manna mini filasta a dantse,
ta ce, ja numfashi huɗu, riƙe, saki shida.
Na ce, likita, mai nutsewa ba ya lissafi.
Ba ta yi dariya ba.
Ta ce, to ƙirga abin da idonka ya gani.

Jiya ƙarfe uku na dare abin ya zo.
Na buɗe taga. A barandar Eladio
ga jan ɗigon wuta na tashi yana sauka.
Kira ɗaya zan yi ya jefo mini.
Na buɗe baki. Na rufe.
Na juya ga tashar jiragen ruwa, gwiwa na kaɗawa:
ɗaya, biyu, mai shuɗin fitila uku,
bakwai a ɗaure, na takwas na fita a hankali
kamar ba ya son tada kowa.
Na bi shi da ido har duhu ya haɗiye shi.

Abin ya wuce.
Haka nan, ba hayaƙi, ba ashana.
Maimakon murna sai haushi ya kama ni:
wato duk shekarun nan
da na jira, da kansa zai tafi?

Da safe hanci ya fara dawowa.
Matakalarmu, ashe, warin kifi take da fitsarin karnuka,
sai can sama, wajen ta ɗari da arba'in,
wani na soya albasa.

'Yata Maite ta shinshina wuyan rigata
ba ta ce komai ba,
ta zuba 'ya'yan lemo a farantin toka, wai za ta shuka.

Gobe ban sani ba.
Akwatin ashana na nan bayan gwangwanin sukari,
ni na ɓoye shi, na kuma san wurin.