Guga a Rijiyar Tonga

Dutse ya yi aman wuta daga ƙarƙashin ruwa,
Toka ta danne kwanon rufi da ganyen kwakwa,
Tonga ta wayi gari ba mai jin muryarta,
Ita ma ba ta jin ta duniya.

Mu aka kira. Kwana da kwanaki jirginmu na tafe.
Ni ne Honesto, ɗan Iloilo, sana'ata ɗauri,
Ba na akuya ba, ba na itace ba,
Gilashi nake haɗawa, siriri kamar gashin gira,
Na zo laluben bakin igiya.

Mutane kan ɗaga waya sama in sabis ya gudu,
Sun ɗauka saƙo tsuntsu ne.
Ni na san makwancinsa:
Can ƙasa cikin laka, inda kifi bai san rana ba,
Haske ke tsere a zaren nan dare da safiya.

Muka saki ƙugiya kamar masu neman guga,
Sai dai wannan rijiyar ba a hango gindinta.
Ja na fari, taɓo. Na biyu, ruɓaɓɓiyar koma.
A na tara wani guntu ya hau, a murɗe, a ƙone,
Kamar jelar da aka fizge wa saniya.

Da dare tsoho Pellow, injiniyanmu, ya dafa shayi.
Ya ce kakansa a Cornwall tangaraho ya buga,
Ƙwas, ƙwas, harafi na bin harafi ta cikin tagulla.
Ya ce daga baya, a sittin da tara, a California,
Kwamfuta ta so gaida 'yar'uwarta daga nesa,
Harafi biyu suka isa, sai abin ya suma.
Ya kurɓi shayi, ya goge gemu:
"Da wannan in'ina aka buɗe surutun duniya."

Ya ce, "Hoton 'yarka ba ɗungurungum yake tafiya ba.
Gunduwa-gunduwa ake yi masa,
Kowane yanki da adireshi a goshi, da lambar layi.
Wani ya bi ta Guam, wani ta Sydney.
A kowace mararraba akwai na'ura mai nuna hanya,
Ta duba goshi, ta miƙa wa maƙwabciya.
Wanda ya ɓata a ce a sake turo shi,
A can ƙarshe a jera su, fuska ta koma ɗaya.

An saƙa ta ne don in nan ya yanke a kewaya."
Na ce, to Tonga fa?
Ya daɗe yana juya kofi.
"Saƙar gizo ce, gaskiya ne,
Amma zaren da ya iso nan guda ɗaya."

Awa goma sha shida na yi a kan ɗaurin ƙarshe.
Na ɓare ƙarfe, na ɓare roba, na kai ga ɓargo,
Na goge, na yanke baki ya yi sumul,
Jirgi na rawa, ni ko numfashi sai na roƙa,
Don ƙura ɗaya ta isa ta toshe gaisuwar al'umma.
Tartsatsi ya yi ƙyas.
Gashi biyu suka zama ɗaya.

Rediyo ya yi ƙara daga tashar gaɓa.
Sitaleki ne, wanda uwarsa ke Auckland
Mako biyar tana kwana da waya a tafin hannu.
Bai yi sallama ba, bai ce an gode ba,
"Haske ya iso," ya ce, sai muryar ta karye,
Muka bar shi da kukansa a kan iska, ba kunya.

Muka mayar da ɗaurin ruwa a hankali,
Ba suna a jikinsa, sai lamba da fenti.
Na laluba aljihu, tawa wayar shiru,
Igiyar na ƙarƙashina, ba ta san da ni ba.
Hoton Marikit sai mun sauka tasha.
Pellow na wanke kofi yana cewa a naɗe ƙugiya.